Littattafan waƙen cocin Turai: Yadda aka ƙawata su da yadda aka yayyanka su

A ranar 26 ga watan Mayun shekara ta 1825, kamfanin gwanjo na Christie's da ke birnin Landan ya gudanar da wani ciniki da ba a taɓa yin irinsa ba a baya.

Kayan da aka kasa a ranar guntayen fata ne sama da 200, kowanne ɗauke da ɗan ƙaramin hoto ko harafi guda da aka ƙawata da zinariya da launuka. Dukkansu kuma an yanko su ne daga cikin littattafan ibada da aka rubuta da hannu, galibinsu mallakar ɗakin ibada na Sistine da ke fadar Paparoma a birnin Rum.

Mai kayan wani malamin coci ne ɗan yankin Venice mai suna Luigi Celotti, wanda ya rikiɗe ya zama dillalin kayan tarihi.

Masana na ɗaukar wannan gwanjo a matsayin mafarin wata kasuwa da har yau take ci. Duk wanda ya leƙa manyan gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka, ko shafukan 'yan gwanjo a intanet, zai ga irin waɗannan fallaye: faffaɗar fata mai jajayen layuka, da baƙaƙen ɗigogi masu kusurwa huɗu, da manyan haruffan Latin, ga kuma harafin farko yana ƙyalli.

Kyawunsu ba abin musu ba ne. To amma kusan kowane falle da aka sanya cikin gilashi shaida ce ta wani littafi da aka lalata.

Littafi ɗaya, makaranta da yawa

Kafin a fahimci girman ɓarnar, sai an san abin da aka yi littattafan dominsa.

A ɗarikar Katolika, musamman a gidajen ruhubanawa da manyan majami'u, akan taru sau da yawa a kowace rana domin addu'a. Ƙa'idar da Benedict na Nursia ya shimfiɗa wa ruhubanawa a ƙarni na 6 ta tanadi zama bakwai da rana da guda ɗaya da dare, ta kuma wajabta a sauke dukkan babi 150 na littafin Zabura da ke cikin Baibul a kowane mako.

Ba karantawa kawai ake yi ba, rerawa ake yi, da harshen Latin, da murya ɗaya, ba tare da kayan kiɗa ba. Wannan salo shi ake kira waƙen Gregori, ana jingina shi ga Paparoma Gregory na Ɗaya wanda ya yi jagoranci daga shekara ta 590 zuwa 604. Sai dai binciken zamani ya nuna cewa salon ya kankama ne daga baya, a ƙarni na 8 da na 9, a daular Faransawan farko ta su sarki Charlemagne, inda aka gauraya rerawar Rum da ta mutanen yankin.

Manyan littattafan waƙen iri biyu ne. Akwai wanda ake kira Gradual, mai ƙunshe da waƙen babbar ibadar da Katolika ke kira Mass, akwai kuma Antiphonal, na sauran zaman addu'o'in yini da dare. Da yake kowace rana a shekara tana da nata waƙen, majami'a guda kan buƙaci mujalladai masu yawa kafin ta haɗa shekara.

Girmansu shi ne abin da ya fi ɗaukar ido. A Italiya ta ƙarni na 15, ba abin mamaki ba ne a ga littafin da tsawonsa ya kai santimita 60, an yi masa bango da katako, an lulluɓe da fata, an kuma dasa masa ƙusoshin tagulla a kusurwoyi. Dalilin kuwa shi ne, ba kowa ke riƙe da nasa ba. Littafi ɗaya ake ɗorawa a kan wani dogon abin ɗora littafi a tsakiyar wurin, mawaƙa su tsaya a gabansa, na gaba da na baya duk su hango. Shi ya sa shafi guda ba ya ɗaukar fiye da layin waƙa biyar ko shida.

A ƙasar Sifen abin ya wuce haka. Sarki Philip na Biyu ya sa an rubuta wa fadarsa ta El Escorial irin waɗannan littattafai sama da 200 a ƙarshen ƙarni na 16, tsawon kowanne ya kai kimanin mita guda, har sai da aka sanya musu ƙananan tayoyi saboda nauyi.

Rubuta murya a kan fata

Jajayen layukan nan huɗu suna da nasu tarihin.

Da farko mawaƙan coci da ka suke haddace komai. Daga baya aka fara sanya wasu 'yan alamomi a saman kalmomi, kamar yadda ake sanya wasali, domin tuna wa mai rerawa inda murya ke hawa da inda take sauka. Amma alamomin ba sa amfanar wanda bai riga ya san waƙar ba.

Wani rahibi ɗan Italiya, Guido na Arezzo, shi ne a farkon ƙarni na 11 ya daidaita tsarin jera layuka, ta yadda kowane layi da kowane fili tsakanin layuka ke wakiltar sauti tsayayye. Idan ɗigo ya hau sama, murya ta hau daidai gwargwado. Guido ya yi iƙirarin cewa da wannan dabara za a iya horar da mawaƙi cikin shekara ɗaya ko biyu, maimakon shekaru goma da ake ɗauka a da. Labarinsa ya kai ga Paparoma John na 19, wanda ya gayyace shi Rum ya gani da idonsa.

Daga wannan tsari ne rubutun kiɗan Turai na yau mai layuka biyar ya samo asali.

A nan akwai bambanci da abin da Musulmi suka saba da shi. Alamomin da ke cikin Mus'hafi suna tsare lafazi ne da madda da wurin tsayawa, amma ba a rubuta sautin ƙira'a, daga bakin malami ake karɓarsa. Su kuwa ruhubanawan Turai sautin kansa suka ɗaure a rubuce, abin da ya sa a yau ake iya ɗauko fallen da ya shekara 500 a rera abin da ke cikinsa.

Fata, ƙaro, da dutsen Badakhshan

Ko da yake takarda ta riga ta yaɗu a Italiya a wancan zamani, ba ta iya jure buɗewa da rufewa na kullum har tsawon ƙarnuka. Saboda haka fatar maraƙi ko ta tunkiya ko ta akuya ake amfani da ita.

Ba jima ake yi mata ba irin ta majema. Akan jiƙa ta ne a ruwan farar ƙasa har gashin ya saki, a ɗaure ta tamau a jikin katako, a kankare da wata lanƙwasasshiyar wuƙa, ta bushe a miƙe, sannan a goge ta da dutse mai kaushi har ta yi laushin karɓar tawada. A babban littafi, fatar dabba guda falle biyu kacal take bayarwa idan an ninka ta. Ke nan littafi mai falle 200 ya ci garken dabbobi 100, tun ba a ɗiga masa tawada ba.

Aikin kuma na hannu da yawa ne. Wani ya ja layuka, wani ya rubuta kalmomin da alƙalamin gashin tsuntsu, wani ya sanya alamomin sauti, wani ya yi wa ƙananan haruffa ado da ja da shuɗi. Sai an gama duk wannan ake miƙa fallayen ga gwanin zane, wanda aka bar wa fili a farkon manyan waƙoƙi.

Shi kuma da zinariya yake farawa. Yakan shafa wani kwaɓi mai kauri na alli da danƙo a wurin da yake so, ya bar shi ya bushe ya yi tudu, ya hura masa numfashi domin ya ɗan yi danshi, sannan ya ɗora zinariyar da aka buge ta yi siriri fiye da fatar albasa. Daga nan sai ya goge da santsin dutse ko haƙorin dabba har ta yi ƙyalli. Tudun nan shi ke sa zinariyar ta kama hasken kyandir ta kowane ɓangare a cikin duhun majami'a.

Daga tsabar kuɗin zinariya maƙera ke bugo ta. Wani mai zane ɗan Tuscany, Cennino Cennini, wanda ya rubuta littafin koyar da sana'ar wajen shekara ta 1400, ya nuna cewa ana fitar da falle sama da 100 daga tsaba guda. Masana tarihin tattalin arziki kuma sun tabbatar da cewa kaso mai tsoka na zinariyar da ke yawo a kasuwannin Bahar Rum a ƙarni na 14 da na 15 daga Afirka ta Yamma ta fito, ta ratsa Sahara a bayan raƙuma zuwa tashoshin Magrib, inda fataken Genoa da Venice ke saye.

Shuɗin da ya fi kowanne daraja kuwa daga dutsen da Larabawa ke kira lazaward ake samunsa, wanda ake haƙowa a tsaunukan Badakhshan da ke arewa maso gabashin Afghanistan. Tsadarsa takan yi kafaɗa da kafaɗa da ta zinariya, shi ya sa ake keɓe shi ga wurare na musamman, kamar mayafin Nana Maryam. Abin da ke riƙe launukan a jikin fata kuwa shi ne farin ƙwai ko ƙaro, ƙaron nan dai da masu dafa tawada suka sani.

Hotunan da ake zanawa a cikin haruffan suna bin kalandar coci. Waƙen buɗe ibadar Kirsimeti da harafin P yake farawa, don haka a cikinsa ake zana haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, kamar yadda Kiristoci ke kwatanta ta. Na bikin Ista da harafin R yake farawa. Akan kuma yawaita zana Annabi Dawud riƙe da abin kiɗa mai tsirkiya, saboda danganta Zabura da shi. Wannan wani wuri ne da al'adun biyu suka raba hanya: Musulunci bai yarda da suranta Annabawa ba, don haka masu zayyanar Alƙur'ani suka zuba gwanintarsu a kan kyawun rubutu da zanen ganye da saƙar layuka.

Baya ga ado, hotunan suna da wani amfani na zahiri. A littafin da mutum biyu ke ɗagawa, babban harafi mai launi shi ne alamar da ke nuna wa mai juya shafi cewa ya iso wurin da ake nema.

Florence da Siena

Zamanin da Turawa ke kira Renesans, wato farfaɗowar ilimi da fasaha da ta faro daga Italiya a ƙarni na 14 zuwa na 16, shi ne lokacin da wannan sana'a ta kai ƙololuwa. Wani abin lura shi ne, injin ɗab'i da Gutenberg ya fito da shi a Jamus a tsakiyar ƙarni na 15 bai kashe ta nan take ba, domin buga shafi mai wannan girma, ga layuka ja ga alamomi baƙi, abu ne mai wuya da tsada, kuma kowace majami'a tana da waliyyanta da bukukuwanta da suka bambanta da na maƙwabta.

A Florence, gidan ruhubanawa na Santa Maria degli Angeli ya yi suna tun ƙarshen ƙarni na 14 saboda gwanaye irin su Don Silvestro dei Gherarducci da Lorenzo Monaco. Marubucin tarihin masu zane, Giorgio Vasari, ya ba da labarin cewa ruhubanawan gidan sun adana hannun dama na Don Silvestro da na wani marubuci, Don Jacopo, bayan mutuwarsu, saboda girmama aikin da hannayen suka yi. Ya kuma ce Paparoma Leo na 10 ya ga littattafan a lokacin da ya ziyarci birnin, har ya nuna sha'awar ɗaukar wasu zuwa Rum, ba don tsarin ibadar da ke cikinsu ya saɓa da na can ba.

A gidan San Marco da ke birnin, attajiri Cosimo de' Medici ne ya ɗauki nauyin sababbin littattafan waƙe a tsakiyar ƙarni na 15, kuma Zanobi Strozzi, wanda ya tashi a ƙarƙashin tasirin Fra Angelico, shi ya yi mafi yawan zanen. Ga attajiran wancan zamani, irin wannan hidima neman lada ce, kuma tallar arziki ce, domin sau da yawa akan zana tambarin gidansu a ƙasan shafin farko.

Amma wanda ke son ganin yadda abin yake kafin zuwan almakashi, babbar majami'ar Siena ce wurin zuwa. A shekarun 1460 da na 1470 hukumar majami'ar ta ɗauko matasan gwanaye biyu daga arewacin Italiya, Liberale da Verona da Girolamo da Cremona, suka haɗu da na gida irin su Sano di Pietro, aka samar da mujalladai kusan 30. Har yau ana baje kolin da dama daga cikinsu a ɗakin karatu na Piccolomini da ke jikin majami'ar, a buɗe, a cikin bangonsu.

Yadda aka fara yanka

Littattafan sun fara rasa amfaninsu ne tun kafin a fara lalata su.

Bayan babban taron majami'ar Katolika na Trent, wanda aka yi daga 1545 zuwa 1563, Paparoma Pius na Biyar ya fitar da daidaitattun littattafan ibada a 1568 da 1570. Wasu tsofaffin littattafan aka kankare aka gyara, wasu aka tura su ɗakin ajiya. A ƙasashen da suka koma ɗarikar Furotesta kuwa, fatar kawai aka gani. A Suwidin, jami'an haraji sun riƙa yage fallaye suna yin bangon kundin lissafi da su, kuma ta haka ne, ba da niyya ba, guntaye sama da 20,000 suka tsira a ma'ajiyar gwamnati.

Babbar guguwar ta zo ne da yaƙe-yaƙen juyin juya halin Faransa. A watan Fabrairun 1798 sojojin Faransa suka shiga Rum, suka kama Paparoma Pius na Shida, aka kuma wawashe ma'ajiyar ɗakin ibada na Sistine. Wani babban limami ɗan Sifen, Kadinal Lorenzana, ya yi nasarar tsamo kimanin littattafai 40 ya aika da su Toledo, inda suka zauna shiru har zuwa ƙarshen shekarun 1990 da aka sake gano asalinsu. Wasu daga cikin sauran su ne suka faɗa hannun Celotti.

Daga 1808 zuwa 1810 gwamnatin Napoleon ta rufe gidajen ruhubanawa a Tuscany da wasu sassan Italiya, sannan sabuwar gwamnatin haɗaɗɗiyar Italiya ta sake yin haka a 1866. Dubban littattafai suka rasa masu su a lokaci guda. Na Santa Maria degli Angeli sun ƙare a ɗakin karatu na Laurenziana da ke Florence, amma da yawansu sun isa can da ramuka a wuraren da hotuna suke. Hotunan kuwa a yau suna warwatse a Landan da Cambridge da New York da wasu biranen.

Lissafin dillali a nan a fili yake. Littafin da ya kai nauyin buhun hatsi, cike da waƙen Latin da mai saye ba zai rera ba, wahalar ɗauka ne. Hotunan da ke ciki, wataƙila goma ko ashirin, su ne kuɗin, kuma za su shiga jaka guda. Celotti har yakan haɗa guntaye daga shafuka daban-daban ya manna su wuri ɗaya, ya yi musu iyaka da adon gefen wani shafin, su fito kamar ƙaramin allon zane.

Ba jahilai ne suka yi wannan aiki ba, kuma wannan shi ne abin takaicin. Wanda ya rubuta kundin gwanjon 1825, William Young Ottley, masani ne da daga baya ya riƙe sashen zane-zane na gidan tarihin Birtaniya, kuma shi ma ya tara nasa guntayen da aka yi gwanjonsu a 1838. John Ruskin, babban mai sharhin fasaha na Ingila a zamanin Sarauniya Victoria, ya rubuta a kundin tarihinsa na farkon shekara ta 1854 cewa ya shafe maraice yana yanka wani littafin ibada, har yana kukan wahalar aikin.

Fallayen da suka rage bayan an cire hotuna su ma ba su tsira ba. Wasu an yi murfin fitila da su. Wasu kuma sun faɗa hannun wani ɗan damfara da har yau ba a san sunansa ba, wanda ake kyautata zaton ya yi aiki a Paris a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Yakan kankare wani sashe na tsohon fallen waƙe na gaske, ya zana sabon hoto a kai, mai saye ya juya baya ya ga tsohon rubutu ya sakankance. Belle da Costa Greene ta ɗakin karatu na Morgan a New York ce ta bankaɗo shi a 1930, kuma an gano ayyukansa sama da 200.

Hujjar masu yankan

A ƙarni na 20 kasuwar ta koma Amurka, ta kuma sami mai kare ta.

Otto Ege, malami a makarantar fasaha ta Cleveland wanda ya rasu a 1951, ya fito fili ya kira kansa mai farfasa littattafai. Hujjarsa ita ce, cikakken littafi sai attajiri ko babbar jami'a, amma falle guda ƙaramar makaranta ma za ta iya saye, ɗalibai su taɓa da hannunsu. Ya shirya akwatuna 40, kowanne da falle 50 daga littattafai daban-daban, waɗanda aka sayar bayan rasuwarsa.

Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, domin ɗalibai da dama a ƙananan garuruwan Amurka da Kanada ta wannan hanya suka fara ganin rubutun hannu na tsohuwar Turai. Amma abin da aka rasa ya fi wanda aka samu. Cikakken littafi yana faɗin inda aka rubuta shi, ta hanyar waliyyan da ya ambata da tambarin da ke farkonsa da bayanin marubuci a ƙarshensa. Falle guda ba ya faɗin ko ɗaya daga ciki, waƙar da ke kansa ma sau da yawa a tsakiya take farawa, a tsakiya take yankewa.

Ba kuma littattafan Kirista kaɗai abin ya shafa ba. Shahararren Mus'hafin nan mai shuɗiyar fata da rubutun zinariya, wanda ake dangantawa da ƙarni na 9 ko na 10, an kiyasta yana da falle kusan 600, amma kimanin 100 ne aka san inda suke, mafi yawa a Tunisiya, sauran a warwatse a duniya. Haka ma kwafin Shahnameh da aka yi wa Shah Tahmasp na Iran a ƙarni na 16, mai hotuna 258: attajirin Amurka Arthur Houghton ya saye shi a 1959, daga baya ya kwance shi. A 2022 an sayar da falle ɗaya tak daga cikinsa a Landan a kan sama da fam miliyan 8.

Muddin jimillar kuɗin fallaye ta fi kuɗin cikakken littafi, to akwai mai sha'awar ɗaukar wuƙa. A ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya kuma, galibi doka ba ta hana mutum yanka littafin da ya mallaka ta halal ba.

Ƙoƙarin haɗa abin da ya watse

A 'yan shekarun nan masana sun duƙufa wajen mayar da fallayen wuri guda, ko da a kan allon kwamfuta ne.

Aikin kamar na mai bin sawu ne. Idan aka sami yankakken harafi, akan juya bayansa a karanta 'yan kalmomi da alamomin sautin da suka saura, a nemo su a rumbun bayanai na waƙen Latin irin su Cantus, a gane ranar da ake rera su. Sannan a auna faɗin jajayen layukan da tazarar da ke tsakaninsu, a kwatanta hannun marubuci, a duba ko akwai tsohuwar lambar shafi. Wani lokaci siffar yankan kanta takan dace da ramin da ke cikin wani littafi a wata ƙasa.

A shekara ta 2017 aka buɗe shafin Fragmentarium a Jami'ar Fribourg ta Suwizalan, inda ɗakunan karatu ke ɗora hotunan guntayen da suke da su domin a jera su yadda suke a asali. Wata masaniya a Amurka, Lisa Fagin Davis, ta shafe shekaru tana bin sawun littafin ibada na Beauvais, na ƙarshen ƙarni na 13, wanda aka yanka bayan sayar da shi a New York a 1942. Daga cikin falle 309, ta gano sama da 100. Ɗaya daga ciki ya ɓulla ne a 2022 a jihar Maine, inda wani ya saye shi dala 75 a wurin sayar da kayan gado, alhali an kiyasta darajarsa za ta iya kai dala 10,000.

Waƙen kansa bai mutu ba. Ruhubanawan Solesmes a Faransa sun farfaɗo da shi tun ƙarni na 19 ta hanyar kwatanta tsofaffin rubuce-rubuce. Amma tun bayan babban taron Vatikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, wanda ya buɗe ƙofar yin ibada da harsunan gida, ciki har da Hausa a majami'un arewacin Najeriya, Latin ya ja baya, kuma da wuya a sami inda ake ɗora irin waɗancan manyan littattafai domin amfanin yau da kullum.

Inda aka tabbatar da sata kuwa, akan mayar da kaya. Italiya tana da runduna ta musamman ta 'yan sandan Carabinieri mai farautar kayan tarihi tun 1969. A shekara ta 2016 gidan tarihin fasaha na Cleveland ya miƙa wani falle na ƙarni na 14 mai harafin L, wanda ya saya tun 1952, bayan an nuna cewa an yanke shi ne daga wani littafin waƙe na wata majami'a a Castelfiorentino, kusa da Florence. Sauran littafin yana nan a gidan tarihin garin.